Cizon da ya yi wata bakwai yana tafe: nazarin kiwon kare a wani gida

Gidan da wannan nazari ya shafa na mutum biyar ne: maigida, uwargida da 'ya'yansu uku, babban namiji mai shekara 12, mai bi masa mace mai shekara 9, sai autarsu wadda ba ta cika shekara biyar ba. Na san su sani na kusa, kuma na bi lamarin tun daga ranar da aka shigo da ɗan kwikwiyon a cikin kwali har zuwa bayan da ya ciji autar a hannu yana da wata takwas a duniya. Da abin ya faru, kalmar da kowa ya riƙa maimaitawa ita ce tsautsayi, wai kare mai wasa da yara ya juya rana ɗaya ba gaira ba dalili. Ni ban karɓi wannan fassara ba, domin duk wanda ya jera abubuwan da suka gudana a gidan ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa cizon ya daɗe yana sallama, masu gida ne ba su amsa ba.

Babban yaron ne ya dami mahaifinsa da roƙo har tsawon watanni, yana alkawarin cewa shi zai ba karen abinci, shi zai yi masa wanka, shi zai kwashe kashinsa. Da ya ci jarrabawa sai mahaifin ya cika masa buri, ya karɓo ɗan kwikwiyo baƙi daga wajen wani da karyarsa ta haihu, wanda shi ma ɗawainiyar 'ya'yan ta ishe shi yana neman wanda zai rage masa. Yaran suka raɗa masa suna Duna. Sati biyar ke nan da haihuwarsa, kuma babu wanda ya tambayi ko an taɓa yi wa uwarsa rigakafi ko an ba 'ya'yan maganin tsutsar ciki.

Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi a kan cewa bai kamata a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika sati takwas ba, kuma dalilin ya wuce maganar nono. A makonnin nan ne yake koyon auna ƙarfin bakinsa. Idan ya ciji ɗan'uwansa da zafi a cikin wasa, ɗan'uwan zai yi ƙara ya bar masa wurin, wasa ya tsaya, a hankali ya gane cewa haƙori yana da iyaka. Duna ya bar wannan makaranta tun ba a yi nisa da darasi ba. A gidan aka haɗa shi da madarar shanu, wadda cikin kwikwiyo ba ya narkar da ita yadda ya kamata, ya yi ta gudawa. Tumbinsa ya yi tulu, yaran suna murna wai yana ƙoshi, alhali kuwa tsutsa ce. Akwai tsutsar ciki da kwikwiyo ke ɗauka tun yana cikin mahaifa ko ta nono, shi ya sa ake fara ba su magani tun suna sati biyu, a maimaita duk bayan sati biyu har su kai sati takwas, sannan wata-wata har su cika wata shida. Wannan ya shafi lafiyar yaran gidan kai tsaye, domin ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, ya ƙosa a cikin ƙasa bayan 'yan makonni, yaro mai wasa da ƙasa ya kai hannu baki ya haɗiye shi.

Rashin lafiyar da ta cinye lokacin koyo

Yana da sati goma, ba a yi masa allura ko ɗaya ba, yaron ya ɗauke shi waje don ya nuna wa abokansa, ya bar shi yana shinshina wuraren da wasu karnuka ke bi. Bayan kwana biyar Duna ya ƙi abinci, ya kwanta lamo, sai amai, sai gudawa mai jini da wani irin wari wanda uwargidan ta ce har yau idan ta tuna sai ta ji shi a hancinta. Maigidan ya so a jira gobe a gani, har ya ɗauko farasitamol zai jiƙa masa, matar ta hana. Ta yi daidai, domin magungunan ciwon kai na mutane suna iya lalata hanta ko ƙodar kare, balle ɗan mitsitsi irin wannan. Washegari da aka kai shi wurin likitar dabbobi, idanunsa sun faɗa, fatar wuyansa idan an ja ta ba ta komawa da wuri saboda ƙarancin ruwa a jiki.

Cutar ita ce wadda likitoci ke kira fabo, ƙwayar bairos da aka fara ganewa a jikin karnuka a 1978, ta kuma bazu a duniya cikin ɗan lokaci. Tana cin bangon hanji da ɓargo. Abin da ake yi shi ne a riƙe ran dabbar da ƙarin ruwa da maganin amai da maganin da zai hana wasu ƙwayoyin cuta shiga jini, har garkuwar jikinta ta ci ƙarfin cutar. Duna ya kwana biyar ana yi masa ƙarin ruwa, ya rayu da ƙyar. Likitar ta umarci a wanke duk inda ya kwanta da bilic, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, saboda ƙwayar tana iya yin watanni da rai a ƙasa kuma sabulun wanki ba ya kashe ta. Ta kuma bayyana musu dalilin da ya sa ake yin rigakafin kwikwiyo sau da yawa, daga sati shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa har ya kai sati 16: kariyar da ya sha a dakashin uwarsa tana iya hana allura kamawa, kuma ba a san takamaiman ranar da kariyar za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo ba, don haka ake jera allurai domin ɗaya daga ciki ta faɗa a kan gaɓa. Da ya warware aka yi masa alluransa, haɗe da ta haukan kare, aka ba su kati. Abin da jinyar ta ci ya ninka abin da rigakafin zai ci sau da yawa, maigidan kuma bai manta da hakan ba, har ya riƙa goranta wa karen.

Akwai wata asara da ba a lissafa ta ba. Tsakanin sati uku zuwa wajen sati 12 ko 14 ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo take a buɗe ga sabon abu, lokacin da ya kamata ya saba da taɓawar ƙananan yara, da baƙi, da ƙarar abin hawa, da hannu a kusa da kwanonsa. Duna ya yi ƙarshen wannan lokaci a kwance ana soka masa allura, sannan a kulle a bayan gida don kada ya yaɗa cuta. Da ya fito, ƙofar ta kusa rufewa.

Sarƙa da sanda

A wata na huɗu ya shiga famfara. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, manya 42 ne ke maye gurbinsu, kuma kafin su gama fitowa wajen wata na shida ko na bakwai dasashinsa yana yi masa ƙaiƙayi, sai ya tauna duk abin da ya samu. Ya cinye gefen takalmin maigida, ya yaga jakar makarantar yarinyar, ya gutsure wayar cajin waya. Babu wanda ya tanadar masa abin taunawa nasa na kansa. Hukuncin da aka yanke shi ne a ɗaure shi da sarƙa a jikin wani ƙarfe a bayan gida, sarƙar da tsawonta bai wuce gaba biyu ba.

Na je gidan a wannan tsakanin, abin da na gani bai bar ni ba. Ƙasar wurin ta shafe ta yi da'ira sumul, daidai iyakar inda sarƙar ke kai shi, saboda zagayen da yake yi wuni guda. Kwanon ruwansa a kife yake, sarƙar ce ta ja shi tun safe ba wanda ya lura, shi kuma yana haki harshe waje. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, don haka rashin ruwa a gare shi ba ƙaramar azaba ba ce. A cikin kunnuwansa akwai kaska jere kamar an dasa. Ɗokin yaron kuwa ya riga ya huce, makaranta da ƙwallo sun ɗauke masa hankali. Wata rana a ba karen abinci da sassafe, wata rana sai azahar, wata rana kowa ya ɗauka wani ya ba shi. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba yana bukatar ci sau uku a rana a kan lokaci sananne, wanda kuma bai san yaushe zai sake ganin abinci ba dole ya ɗauki abin da ke gabansa da muhimmancin rai.

Dabbar da ta tsorata hanya biyu gare ta, ko ta gudu ko ta kare kanta. Sarƙa tana toshe ta farko. Wannan ne ya sa masana halayyar karnuka ke gargaɗi a kan ɗaure kare dare da rana, musamman a gidan da ƙananan yara za su iya isa wurinsa.

Yana da kusan wata shida sai ya yi gurnani a karon farko, lokacin da yarinya mai shekara tara ta kai hannu za ta gyara masa kwano yana ci. Ta ruga ta gaya wa babanta, shi kuma ya zo da sanda ya zane shi. An maimaita haka sau biyu ko uku cikin 'yan makonni, daga nan gurnani ya ɗauke ɗif. Maigidan ya ji daɗi, har ya ce da ni, "Ka gani ko, ai yanzu ya ladabtu." A ganina nan ne aka tafka kuskuren da ya fi kowanne girma. Gurnani magana ce, kare yana cewa a matsa masa, ransa bai kwanta ba. Dukan bai cire masa fargabar a ƙwace masa abinci ba, sai ma ya tabbatar masa cewa zuwan mutum kusa da kwano yana tafe da ciwo. Abin da kawai ya koya shi ne ya daina faɗakarwa.

Ranar da abin ya faru

Da yamma ne. Yaron ya manta da abincin safe, uwargidan ba ta sani ba sai bayan la'asar, ta zuba masa abinci har da ƙashi mai sauran nama, ta koma ciki ta ci gaba da aikinta. Autar, wadda take son karen ƙwarai, ta zagaya ta bayansa ta rungumi wuyansa. Yayarta tana tsaye a nesa kaɗan, kuma bayanin da ta bayar daga baya shi ne ya warware mini komai. Ta ce Duna ya daina tauna, ya sandare kamar gunki, kansa a sunkuye kan ƙashin, yana kallon gefe har farin idonsa ya fito. Ta ɗauka natsuwa ce ya yi don ƙanwarta. Sai ya waiwayo ya kama hannun yarinyar sau ɗaya, ya saki, ya ja da baya iyakar sarƙarsa yana makyarkyata. Fiƙoƙinsa biyu suka huda fatar ƙasan gwiwar hannunta.

Sandarewar nan da fitowar farin ido suna cikin alamomin ƙarshe kafin cizo. Kafin su akwai ƙanana da mutane ba su cika kula da su ba, kamar lasar leɓe ba tare da abinci ba, da hamma ba don barci ba, da kau da kai, da kwantar da kunnuwa baya. Runguma kuma, wadda yaro ke nuna ƙauna da ita, a wurin mafi yawan karnuka matsi ce.

Uwargidan ta yi abin da ya dace, saboda likitar dabbobin ta taɓa gaya mata tun lokacin jinya. Ta kai hannun ƙarƙashin famfo ta wanke shi da sabulu na tsawon minti 15 tana duban agogo, yarinyar tana ihu, sannan suka nufi asibiti ba tare da an shafa wa raunin komai ba. Wankin nan yana rage yawan ƙwayar cutar haukan kare idan akwai ta a cikin miyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira, amma allurar da ake yi bayan cizo tana tare ta kafin ta isa ƙwaƙwalwa.  Likitan asibiti ya duba katin Duna, ya ga allurar haukan kare sau ɗaya tak aka taɓa yi masa, ya zaɓi ya fara wa yarinyar rigakafin a ranar, ta koma a rana ta uku da ta bakwai. Ya ba ta maganin hana rauni ruɓewa, ya duba rigakafinta na sandarewar jiki, bai kuma ɗinke hujin ba.

A daren maigidan ya rantse karen ba zai kwana a gidansa ba, ko ya kashe shi ko ya kai shi nesa ya yar. Matarsa ce ta kira likitar dabbobin ta miƙa masa waya. Likitar ta ce masa, "Malam, ka yi haƙuri ka bar shi kwana goma a inda ido zai riƙa ganinsa. Idan yana ɗauke da cutar a miyaunsa ranar da ya yi cizon, kafin kwana goma zai nuna ko ya mutu. Idan ka yar da shi, ka yar da amsar da 'yarka take bukata, ka kuma kai wa 'ya'yan wasu." Kwana goma suka cika Duna yana ci yana sha lafiya lau.

Wa ke da karen?

Da wa'adin ya cika, likitar ta zo gidan, ta tsaya ta daɗe tana kallon da'irar nan ta ƙasa, sannan ta tambaya wa ke da karen. Maigidan ya nuna ɗansa. Ta ce yaro ɗan shekara 12 yana iya taimakawa, amma ba a ɗora masa alhakin ran da zai iya kai shekara goma zuwa 13 yana bukatar ci da sha da magani kullum, don kafin karen ya tsufa yaron ya daɗe da barin gida. Ta shimfiɗa musu zaɓi biyu: su nemi gidan da babu ƙananan yara su ba da shi, tare da faɗa wa mutanen gaskiyar cewa ya taɓa cizo, ko kuma babba ɗaya a gidan ya ɗauki nauyinsa da gaske. Ta ƙara da cewa yadda ya kama sau ɗaya ya saki ya ja da baya yana nuna tsoro ne ya tura shi, kuma irin wannan yana gyaruwa idan aka canza yadda yake rayuwa. Da ta ce haka yaron ya fashe da kuka, don tun ranar cizon shi kowa ke harara. A nawa hukuncin, laifinsa shi ne mafi ƙanƙanta a gidan.

Uwargidan ce ta ce ta ɗauka, da sharaɗin mijinta zai riƙa fita da karen kuma ba zai sake dukansa ba. Aka kwance sarƙa, aka kewaye wani sashe na bayan gidan da waya, aka yi masa rumfa da ƙofa mai sakata a sama inda hannun autar ba ya kaiwa. Abinci ya koma sau biyu a rana a kan lokaci, a cikin shingen, ƙofa a rufe, ba mai zuwa kusa sai ya gama. Aka daina ba shi dafaffen ƙashi, wanda yake tsagewa ya soki hanji, aka kuma rubuta a jikin bango abubuwan da ba a ba kare ko kaɗan: albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi da zabibi. Aka yi masa maganin kaska. Maigidan ya fara fita da shi a igiya safe da yamma, da farko yana ƙunƙuni. Ya kuma tambaya ko dandaƙa za ta kawar da matsalar gaba ɗaya, likitar ta ce tana iya rage yawon bin karya, amma ba ta cire tsoron kwano.

Gyaran halin kwanon shi ne ya fi cin lokaci, kuma uwargidan kaɗai aka yarda ta yi shi. Idan yana ci sai ta tsaya nesa, inda jikinsa bai fara tauri ba, ta jefa masa ɗan yankin nama da ya fi abin da ke kwanon daɗi, ta juya ta tafi. Bayan 'yan kwanaki ta matso taku ɗaya. Duk ranar da ta ga ya sandare, ta san ta yi gaggawa, sai ta koma inda take jiya. An ɗauki kusan wata biyu kafin ta iya tsayawa dab da shi ya ɗago kai yana kaɗa wutsiya, yana jiran abin da ta kawo. Yaran kuma aka kafa musu doka: ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a rungumarsa, ba a binsa cikin rumfarsa, autar kuma ba ta zama da shi sai da babba a wurin, ko da na minti ɗaya ne.

Wata uku bayan cizon, wani yaro baƙo ya leƙa ta jikin waya da tsinke a hannu, Duna ya yi gurnani ya shige rumfarsa. Maigidan ya miƙe a fusace, har ya fara waige-waigen sanda, matarsa ta ce, "Baban yara, zauna. Wannan muryar ce muka rasa aka ciji 'yarmu." Ya koma ya zauna, aka janye yaron daga wurin.

Yanzu Duna ya haura shekara ɗaya, an maimaita masa alluransa, bai sake cizon kowa ba. Duk da haka likitar ba ta ɗage dokar rufe ƙofa lokacin cin abinci ba, ta ce ta zauna ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Babban yaron shi ke wanke kwanuka da kwashe kashi kowace safiya, aikin da bai fi ƙarfinsa ba kuma mahaifiyarsa tana dubawa. Autar tana da ɗigon tabo biyu a hannu, kuma har yanzu ba ta yarda ta shiga shingen ba. Takan tsaya a bayan waya riƙe da zanen mahaifiyarta ta jefa masa abin taunawarsa, idan ya kawo mata sai ta ɓuya, ba wanda kuma yake matsa mata ta matso.